Bayanin Miskali da Dirhami da Labarin Zinariya da Azurfa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ɓoye ma'adinai cikin duwatsu da rairayin koguna, ya sanya zinariya da azurfa su zama ma'aunin dukiya tsakanin bayinsa, ya wajabta hakkin matalauta a cikinsu, ya hana tauye mudu da mizani.

Amma bayan haka, ka sani, ya kai ɗan'uwa mai neman sani, Allah shi datar da mu da kai, almajiri shina karanta babin zakka cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, shi ji nisabin zinariya dinari 20 ne, na azurfa dirhami 200. Shi wuce babin aure, shi ji mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Shi kai babin jini, shi ji diyya dinari 1,000 ce ko dirhami 12,000. Shina hardace waɗannan duka, amma da za ka aje masa zinariya da mizani ka ce shi auna maka dinari guda, da ya rasa abin yi, domin bai taɓa ganinsa ba, kakansa ma bai gani ba. Don haka na tara wannan taƙaitaccen bayani, na kasa shi fasali shida da cikawa. Abin da nake so ka riƙe shi ne, shari'a ta rataya hukuncinta ga nauyin ƙarfen da tacewarsa. Sunan da ke bisa kuɗi kuwa, sarakuna suna sake shi yadda suka so, kuma wanda ya bi suna ya bar awo, shi kan ci hakkin wani bai sani ba.

Fasali na farko, cikin ɗabi'un ƙarafan nan biyu

Ka sani, zinariya ta keɓanta da ɗabi'u huɗu. Ta farko, ba ta tsatsa. A binne ta shekara 1,000, a tono ta, a same ta kamar jiya aka aje. Ta biyu, nauyi. In ka cika ƙoƙo da ruwa, ka cika irinsa da zinariya, nata ya ninka na ruwa sau 19 da 'yan kai, azurfa kuwa sau 10 da rabi, jan ƙarfe kusan sau 9. Ta uku, taushi. Maƙeri shina buga giram guda har shi zama ganye mai faɗin kusan mita guda, tsawo da faɗi. Domin taushin nan ne ake gauraya ta da azurfa ko jan ƙarfe kafin a yi zobe da sarƙa. Ta huɗu, ruwan asid da ke cinye sauran ƙarafa ba shi cinta, sai an haɗa iri biyu masu ƙarfi, amma zaiba tana haɗiye ta, shi ya sa masu haƙa suke kama garinta da zaiba. Tana narkewa a daraja 1,064 ta ma'aunin zafi, azurfa a 962.

Amma azurfa, ita ce mafi haske cikin ƙarafa, kuma babu wanda ya kai ta saurin ɗaukar zafi da lantarki. Aibinta shi ne farar wuta da ke cikin iska da zufa tana baƙanta ta. Wannan bambanci ya bayyana tun zamanin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. An ruwaito cewa Arfajatu ɗan As'adu, an sare masa hanci a yaƙin Kulabu cikin jahiliyya, ya yi hanci na azurfa, ya yi masa wari, sai Annabi ya umarce shi da yin na zinariya. Daga nan malamai suka halatta wa namiji hanci da ɗaurin haƙori na zinariya, alhali kuwa adonta haramun ne gare shi. Saboda ɗabi'un nan ne masu sana'a a zamaninmu suke shafa zinariya a mahaɗar wayoyin cikin kwamfuta da wayar hannu, suke sa azurfa cikin allunan da ke juya hasken rana shi zama lantarki.

Abin da ba shi ruɓewa, ba shi da yawa, shina rabuwa ƙanana, a narka a sake haɗa shi ba tare da ya ragu ba, shi ne ya dace da zama ma'auni. Wannan ne dalilin da ya sa al'ummai suka haɗu bisa ƙarafan nan biyu.

Fasali na biyu, cikin kuɗin zamanin Annabi

Ka sani, mutanen Makka da Madina ba su buga kuɗin kansu ba. Dinari daga Rum yake zuwa musu, ta hanyar Sham. Asalinsa Ƙusɗanɗin sarkin Rum ne ya tsayar da shi wajen shekara ta 312 ta Miladiyya, ana fitar da guda 72 daga ratali guda na Rumawa, kowane guda kusan giram 4 da rabi, da surar sarki da gicciye a jikinsa. Dirhami kuwa daga Farisa yake zuwa, ta hanyar Iraƙi, faffaɗa ne siriri, da surar Kisra a fuska guda, da murhun wutar Majusawa a ɗayar.

Tun da yake waɗansu sun side, waɗansu an yanke gefensu, Larabawa ba su yarda da ƙirga su ba, sai awo. Suna da miskali na auna zinariya, da dirhami na auna azurfa, da uƙiya mai dirhami 40. Annabi ya tabbatar da awon mutanen Makka, ya sanya nisabin azurfa uƙiya 5, shi ne dirhami 200. Sadakin da ya ba matansa uƙiya 12 da rabi ne, shi ne dirhami 500, kamar yadda aka ruwaito daga A'isha, Allah shi yarda da ita.

Dubi kuma labarin Fadalatu ɗan Ubaidu ranar Haibara. Ya sayi abin wuya mai zinariya da duwatsu a dinari 12, da ya rarrabe shi sai ya sami zinariyar da ke ciki ta fi dinari 12. Annabi ya hana sayar da irinsa sai an rarrabe. Ka ga shari'a nauyin zinariyar ta duba, ba ta dubi ƙira ba. Wannan ne tushen babin canji: zinariya da zinariya daidai wa daida, hannu da hannu, haka azurfa da azurfa. In jinsi ya saɓa, fifiko ya halatta, jinkiri bai halatta ba.

Fasali na uku, cikin tsayar da awo

Dirhamomin da Musulmi suka taras iri-iri ne. Akwai bagali mai daniƙi 8, akwai ɗabari mai daniƙi 4. Masu tarihi sun ce an haɗa su biyu aka raba tsaka, dirhamin Musulunci ya zama daniƙi 6, har dirhami 10 suka zama daidai da nauyin miskali 7. Waɗansu sun jingina wannan ga Umaru ɗan Haɗɗabi, waɗansu ga Abdulmaliki ɗan Marwanu. Wannan nisba ta 7 da 10, ita ce wadda Risala ta ambata, kuma malamai sun haɗu a kanta.

Balazuri ya kawo cikin Futuhul Buldani cewa saɓani ya auku tsakanin Abdulmaliki da sarkin Rum bisa kalmar tauhidi da Musulmi suka fara rubutawa a kan takardun Masar da ake kai wa Rum. Sarkin Rum ya yi barazanar buga zagin Annabi bisa dinari. Sai aka shawarci halifa da shi hana kuɗin Rum, shi buga nasa. Ya fara da dinari mai surar halifa a tsaye da takobi, sa'an nan a shekara ta 77 ta Hijira, daidai da 697, ya fitar da dinari wanda babu sura a jikinsa sam, sai kalmar shahada da ayoyi da shekarar bugu. Dirhami irin wannan ya biyo a shekara ta 79, Hajjaju ɗan Yusufu ya tsananta bisa masu bugunsa a Iraƙi.

Dinarin nan na Abdulmaliki suna nan da yawa cikin gidajen ajiyar kayan tarihi. An auna su, aka sami nauyinsu giram 4.25, zinariyarsu kuwa kusa da tatacciya. In ka ɗauki 7 cikin 10 na wannan, dirhami ya zama giram 2.975. Malamanmu na Malikiyya sun kiyaye awon nan da ƙwayar sha'ir matsakaiciya: dinari ƙwaya 72, dirhami ƙwaya 50 da humusi biyu, haka Ibnu Haldun ya ambata. A Masar kuwa gwamnoni sun riƙa yin ma'aunan kuɗi da ƙarau, da hatiminsu a jiki, domin ƙarau in an goge shi ko an gutsure, sai shi nuna.

Fasali na huɗu, cikin gane algus

Awo kaɗai ba shi wadatarwa, domin mai ha'inci shina cika nauyi da jan ƙarfe ko dalma. Hanya mafi daɗewa ita ce baƙin dutsen gwaji, wanda Larabawa suke kira mihakku. A goga zinariya a kansa, a goga wadda aka san tacewarta kusa da ita, a dubi launin zanen biyu. Har yau masu sayar da zinariya suna yin haka, suna ɗiga asid bisa zanen.

Malaman Musulunci sun yi zurfi cikin wannan fanni. Hamdani, mutumin Yaman, ya wallafa Kitabul Jauharataini cikin ƙarni na 4 na Hijira, ya bayyana haƙar zinariya da azurfa da tace su da buga su. Abu Raihana Albiruni, wanda ya rasu wajen shekara ta 440 ta Hijira, ya ƙera tulu mai ɗan bututu a wuya, shi cika shi da ruwa, shi jefa miskali 100 na ƙarfe, shi auna ruwan da ya zuba. Zinariya ce mafi ƙarancin zubar da ruwa, domin ita ce mafi ƙarancin jiki a wannan nauyi. Lissafinsa ya yi kusa ƙwarai da abin da masu awo suka tabbatar daga baya. Sa'an nan Alhazini ya wallafa Mizanul Hikmati a Marwa a shekara ta 515, ya siffanta mizani mai faranti 5 wanda ke nuna yawan gaurayen da ke cikin ƙarfe ba tare da an narka shi ba. Kada ka ɗauki wannan ilmi baƙo ga addini, domin alƙali ba shi iya hukunci tsakanin mai saye da mai sayarwa sai da shi.

Fasali na biyar, cikin zinariyar ƙasashen Sudan

Ka sani, ƙarnoni da yawa mafi yawan zinariyar da ake bugawa a Magrib da Andalus daga ƙasashen baƙaƙe take fita. Ma'adinanta su ne Bambuk, tsakanin kogin Sanagal da Falame, da Bure a kan kogin Kwara can sama, sa'an nan dazukan Akan, inda Asante ta kafu daga baya. Wangarawa suna sayenta gari-gari, ayari shi ƙetare Sahara da ita zuwa Sijilmasa, shi komo da gishiri da tufafi da littattafai. Ibnu Hauƙal ya ce ya ga takardar bashi ta dinari 42,000 a kan wani attajiri na Audagust cikin ƙarni na 4 na Hijira. Albakari ya ambata a 1068 cewa mutanen Tadmakka suna da dinari na tatacciyar zinariya marasa hatimi, kuma a 2005 masu tono suka sami guntayen tukwanen zubin kuɗi a kangon garin, cikin ƙasar Mali, da ɓurɓushin zinariya a jikinsu. Dinarin Murabiɗuna kuwa ya yi suna har Nasaran Andalus suka sa wa kuɗinsu sunansa.

A shekara ta 724 ta Hijira, daidai da 1324, Mansa Musa sarkin Mali ya bi ta Alƙahira zuwa hajji, shi da jama'arsa suka kashe zinariya mai yawa. Al'umari ya ce kafin zuwansu miskali ba shi kasa dirhami 25, bayansu bai wuce 22 ba, kuma haka ya zauna shekara 12. Riƙe wannan, domin shina nuna maka farashi tsakanin ƙarafan biyu shina motsi, awo kuwa shina nan inda yake.

Amma ƙasar Hausa, zinariya tana shigo mata ta hanyar Gwanja tare da goro, da ta hanyar Tumbutu, kuma da miskali fatake suke auna ta. Sai dai cinikin kasuwa da wuri ake yi, wanda asalinsa daga tsibiran Maldib ne cikin tekun Hindu. Tarihin Kano ya ce wuri ya shigo a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731. Azurfa kuwa ta zo cikin siffar liyari mai surar sarauniyar Ostiriya, da shekarar 1780 a jikinsa kome sabuntarsa. Nauyinsa giram 28, azurfar da ke ciki giram 23.4. Bature Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya taras ana canja shi wuri 2,500 a Kano a 1851. Maƙeran fari sun narka shi da yawa suka yi mundaye da zobba.

Fasali na shida, cikin yadda ƙarfe ya tafi suna ya saura

Wannan shi ne maƙasudin littafi, sai ka natsu. A Masar, zamanin Mamaliki, azurfa ta yi ƙaranci, sarakuna suka cika kasuwa da fulusan jan ƙarfe, mutane suka ci gaba da lissafi da sunan dirhami alhali babu azurfa a hannunsu. Maƙrizi ya wallafa Igasatul Ummati a shekara ta 808 ta Hijira, ya lissafa wannan cikin sabubban tsada da wahalar da ta auka wa mutane, musamman malamai da almajirai masu ɗan abin da aka yanka musu. A Agadas, Barth ya taras a 1850 ana kiran wuri 1,000 miskali, liyari guda shi ne miskali 2 da rabi. Da wani ya ɗaura aure da rubu'in wannan miskali, shi ce ya cika sadaki, da ya tauye wa mace hakkinta, domin kama da wane ba ta wane.

Haka ya auku da sule. Ingilishi sun kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, suka buga sule na azurfa a 1913. Da azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na farko, sai a 1920 suka mai da shi gaurayen jan ƙarfe, sunansa shina nan sule. Sa'an nan takarda ta rinjayi ƙarfe. Saifa ta fito a 1945, naira a 1973. Dalar Amurka kanta an ɗaure ta da zinariya, dala 35 kowace oza, har ranar 15 ga Agusta 1971 aka kwance ɗaurin. Tun daga nan babu kuɗin wata babbar daula da mai shi zai kai baitulmali a ba shi zinariya a madadinsa.

In ka ce, to, mu auna takarda da zinariya ko da azurfa, ai duk ɗaya ne, sai mu ce a dā ne suke kusan ɗaya. Nisabin zinariya giram 85 ne, na azurfa giram 595, wato giram guda na zinariya shina tsaye matsayin 7 na azurfa. Malamanmu sun lura da motsin farashi tun farko, suka ce dinarin zakka da jiziya dirhami 10 ne, dinarin aure da sata da diyya dirhami 12. Amma bayan an sami dutsen azurfa na Fotosi a Amurka ta Kudu a 1545, sa'an nan Jamus da Amurka suka bar tsayar da kuɗinsu bisa azurfa a 1873, sai ta faɗi ƙwarai. A 2020 giram guda na zinariya ya wuce giram 100 na azurfa, har nisabin azurfa duka bai kai miskali guda da rabi ba. Saboda haka malaman zamani suka saɓa. Waɗansu suka ce a auna kuɗin takarda da azurfa, domin ya fi amfani ga matalauta. Waɗansu, cikinsu har da Yusufu Alƙardawi cikin Fiƙhuz Zakati, suka ce da zinariya, domin ƙimarta ta fi tsayuwa, ta fi kusa da nisabin tumaki 40 da raƙuma 5. Masu sanar da nisabi da sadaki da diyya a ƙasashenmu, galibinsu bisa zinariya suke lissafi.

Cikawa, cikin abin da ya kamata almajiri shi kiyaye

Dinari giram 4.25 ne. Rubu'insa giram 1 da ɗan ƙari kaɗan, shi ne 1.06. Nisabi giram 85, abin da ake fitarwa ɗaya cikin 40 bayan shekara ta kewayo, shi ne rabin dinari. Diyya giram 4,250. Dirhami giram 2.975, nisabinsa giram 595, ana fitar da dirhami 5, kuma da liyari zai zama guda 25 da kusan rabi. Ana cika nisabin ɗayansu da ɗayan a mazhabarmu, kamar dinari 10 da dirhami 100.

Sa'an nan ka tambayi tacewa. Tatacciyar zinariya karat 24 ce. Mai karat 21, kashi 875 cikin 1,000 ne zinariya, nisabinta kusan giram 97. Mai karat 18, kashi 750 ne, nisabinta kusan giram 113. Halilu ya bambanta cikin Muhtasar tsakanin kuɗi mai gauraye da ke tafiya kamar cikakke da wanda ba shi tafiya, na biyun tataccensa ake lissafawa. Adon da mace take sawa babu zakka a kansa wurin Maliku, amma wanda aka aje don ciniki ko don tattalin gobe, akwai. Kuma kada ka ba da fatawa da adadin naira ko saifa na bara, sai ka tambayi farashin giram ranar da hakki ya wajaba, domin bayan kowane lissafi akwai matalauci da ke jira, ko amarya, ko marayun wanda aka kashe.

Wanda ya ga kuskure cikin wannan, shi gyara don Allah. Ya cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Allah shi gafarta wa mai rubutu da mai kwafa da mai karatu da iyayensu da malamansu da dukkan Musulmi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.